Ƙarshen Zango a Badun: Daga Teburin Cin Abinci Zuwa Bencin Mai Shayi

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, na Ibadan da na Ife da na Legas har zuwa na Fatakwal da Nsukka. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta. A kan Jami'ar Ibadan zan tsaya, ita ce uwa, amma na san kowa zai ga makarantarsa a ciki.

Ga shi an zo ƙarshen zangon karatu. 'Yan digirin farko sun rubuta takardar ƙarshe, sun cika fararen rigunan juna da sa hannu, sun ɗaure kaya sun kama hanya. Mu 'yan mastas da masu neman digirin dakta kuwa yanzu namu ya fara, don sai malami ya gama makin takardun yara sannan zai waiwayi babinka na huɗu. Makaranta ta yi tsit, masu sayar da abinci sun ragu, kai kuma kana nan kana jiran ranar da za a sa maka ka kare aikinka. A irin wannan lokaci ne mutum yake gane iyakar mutanen da ya sani a garin. Mafi yawanmu idan muka ƙirga, ba su wuce 'yan jiharmu ba, sai abokan sahu a masallaci, sai mai shayin da muke zama wurinsa a Sabo. Shekara biyu ko biyar a Badun, kamar yadda iyayenmu fatake suke kiran garin, amma ba mu da Bayarabe ɗaya da za mu kwana gidansa. Abin da ya sa na ɗauko tarihi shi ne, ba haka aka faro ba.

An buɗe wannan makaranta a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, kafin a koma mazauninta na yanzu a 1952. A lokacin kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Landan, digirin Landan ake bayarwa har zuwa 1962. Babu wata jami'a a faɗin ƙasar nan sai ita, har aka buɗe ta Nsukka a 1960, sannan ta Zariya a 1962. Ke nan duk ɗan Arewan da ya kai matakin digiri a shekarun 1950, in bai tafi Ingila ko wata ƙasa ba, to nan zai zo. Ba su da yawa. Cikinsu akwai Iya Abubakar da ya karanta lissafi, da Adamu Ciroma da ya gama tarihi a 1961, da Jibril Aminu da ya gama likitanci a 1965.

To, ƙarancin nan nasu shi ne abin lura. Ba su kai yawan da za su ware su yi gari a cikin gari ba. Tsarin makarantar ma bai ba da wannan damar ba. Ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta yake zaune, kowane gini da ɗakin cin abincinsa, sau uku a rana za a haɗu a teburi ɗaya. Akwai daren da ake cin abinci da rigar karatu, malamai a babban teburi, irin na Turawan Ingila. Ko kana so ko ba ka so, wanda ke gefenka ɗan Onica ne, na gabanka ɗan Ijabu, kuma haka za ku yi shekara uku. Ba wai son juna ya fi na yanzu ba ne, siyasar jihohi uku na lokacin ta shiga makarantar ita ma. Amma wanda kuka yi shekara uku kuna miƙa wa juna gishiri, da wuya ka fita ka ce ba ka san irinsa ba. Mutanen nan su ne suka fita suka riƙe ma'aikatu da jaridu da jami'o'i, kuma suna ɗaga waya su kira juna da sunan makaranta.

Shekarar karatu ita ma tana da tsari da kowa ya sani. A shiga a Oktoba, a fita wajen Yuni, sai dogon hutu na kusan wata uku. Saboda an san ranar tashi, ana iya shirya mata. Kowane ginin kwana yana da liyafarsa, ƙungiyoyi suna da nasu. Ƙungiyar Sigma, wadda aka kafa a 1950, ita ce mai bikin kaɗe-kaɗen nan na Havana da ya yi suna har wajen Ibadan, mutane suna tasowa daga wasu garuruwa dominsa. Wanda wannan bai dace da tarbiyyarsa ba yana da inda zai je: ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta ƙasa, MSSN, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma 'yan uwanmu Yarabawa ne suka kafa ta, Lateef Adegbite ne shugabanta na farko. Wannan ya kamata mu riƙa tunawa. A masallacin makaranta mu ne baƙi, su ne masu gida, tun asali.

Sai tafiya gida, wadda ita kanta rabin zumuncin ce. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Ɗalibi zai hau a tashar Dugbe, a bi ta Oshogbo, Offa, Ilori, a haye Kwara a Jebba, sai Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano. Yini da kwana a tarago ɗaya, da 'yan Binuwai da 'yan Filato da 'yan Borno da 'yan Kudun da iyayensu ke aiki a Sabon Garin Kano. Ana ci tare, ana musu tare, ana sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ga wani abin da na ga da yawanmu ba mu lura da shi ba, alhali kullum muna wucewa ta gabansa. Ginin kwana na Sultan Bello, Sardauna Ahmadu Bello ne ya buɗe shi a 1962, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka sa masa. Da makarantar ta zama jami'a mai cin gashin kanta, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne uban jami'a na farko, bayansa kuma Kashim Ibrahim. Ginin farko da aka ware wa ɗaliban gaba da digiri, wanda aka buɗe a 1968, sunan Tafawa Ɓalewa yake ɗauke da shi. Wani kuma na Abdulsalami Abubakar ne, kyautarsa ce ga jami'ar lokacin da ta cika shekara 50 a 1998. Wato ɗan mastas daga Gusau ko Azare da ke jin kansa bare a nan, a ɗakin da ke ɗauke da sunan ɗan Arewa yake kwana. Haka a fagen ilmi. A sashen tarihi na Ibadan ne Abdullahi Smith ya koyar kafin ya koma Zariya a 1962, kuma a nan Murray Last ya yi digirinsa na dakta a kan Daular Sakkwato, aikin da ya fito a littafi a 1967. Tarihin da muke taƙama da shi, wani babban ɓangare na rubuta shi da boko a garin nan aka fara.

To me ya rushe wancan zama? Ni a ganina daga ɗakin cin abinci aka fara. Ku duba, manyan rigingimun ɗalibai na shekarun 1970 a kan abinci aka yi su. Ranar 1 ga Fabrairun 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a cikin makarantar nan, a zanga-zangar da ta samo asali daga ƙorafin abinci a ginin kwana na Azikiwe. Sunansa ne a jikin ginin ƙungiyar ɗalibai har yau. A watan Afrilun 1978 kuma aka yi Ali Must Go, bayan an ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya da aka yi zanga-zangar da sunansa, shi ma tsohon ɗalibin likitanci ne na Ibadan. An kashe ɗalibai a Legas, an kashe a Zariya. Ɗan Samaru da ɗan Akoka a kan magana ɗaya suka zubar da jini, ba wanda ya tsaya tambayar wani jiharsa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Daga nan kowa ya koma risho da tukunyarsa, ko ya nemi mai abincin da harshensa ya saba da ita. Wanda ya iya amala da miyar ewedu ya tsallaka Agbowo, wanda bai iya ba ya hau mota sai Sabo.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, Sabo ba abin rainawa ba ce. Ta girmi jami'ar da shekara talatin da wani abu, tun 1916 aka kafa ta a matsayin unguwar Hausawa. Cinikin goro da na shanu ne suka gina ta: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro, maigida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya gano yana da ban sha'awa: mutanen Sabo da gangan suka ƙara ƙanƙame Hausancinsu, suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, har suka ware sallar Juma'arsu daga babban masallacin gari, saboda amanar da ke tsakaninsu ita ce jarin kasuwancin. Keɓewar tasu tana da dalili, tana kuma da riba. Tambayar ita ce, mu da muka zo neman ilmi, wace riba keɓewarmu take kawo mana? Ɗan kasuwa yana tsare sirrin hanyar goro ne. Kai mai bincike jarinka shi ne mutanen da suka san aikinka, waɗanda gobe za su kira ka taro, ko su sa sunanka a neman tallafin bincike, ko su zo jami'arku su duba ɗalibanka.

Bayan abinci sai kalanda ta bi. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yanzu ƙarshen zango yana iya faɗowa a damina, yana iya faɗowa cikin azumi, dogon hutu kuma ya zama tarihi. Bikin da ba a san ranarsa ba, ta yaya za a shirya masa? Jirgin Kano ya daina zama abin dogaro tun tuni, sabon layin da aka buɗe a 2021 kuma tsakanin Legas da Moniya ya tsaya. Muka koma mota daga Ojoo: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa. Hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari da ta fi sauƙi zuwa Kaduna, 'yan bindiga sun sa direbobi da yawa sun ƙaurace mata, sai a zaga. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya ce bari in zauna sai na kare gaba ɗaya.

Mu kanmu mun canza. Ɗalibin 1958 saurayi ne da ba shi da nauyin kowa. Ɗan mastas na yau sau da yawa malami ne a wata kwalejin ilmi ko ta kimiyya da fasaha, ya zo da hutun ƙaro karatu, wani da tallafin TETFund wani da albashinsa, ya bar mata da 'ya'ya a gida. Hankalinsa rabi a nan rabi a can. Da ya fito ɗakin karatu sai waya: kuɗin makarantar yara, taki, bikin ƙanwa. 'Yan uwa mata nasu ya fi nauyi, wata da goyo take zuwa gabatar da takarda, kuma zaman mai shayin da ke rage mana kewa su ba su da irinsa. Daga ɗaki sai sashe sai masallaci. Idan ana lissafin wanda ƙarshen zango ya fi yi wa tsawo, su ne.

Sannan akwai tsoro, kuma ba zan ce ba shi da tushe ba. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Shasha, wadda ba ta da nisa da makarantar nan. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, gwamnan Oyo ya rufe kasuwar, har gwamnonin Arewa huɗu suka taso suka zo. Duk wanda yake garin a makon nan ya san yadda waya ta riƙa ƙara daga gida. Amma a irin wannan rana, wa ya fi amfani gare ka? Mutanenka suna cikin halin da kake ciki, su ma neman mafaka suke. Wanda zai ce maka kada ka bi ta Ojoo yau, ko ya ce taho gidanmu ka kwana biyu, ɗan gari ne. Shi kuma ba a ranar ake nemansa ba, sai dai in da ma akwai shi.

Shi ya sa walimar bankwana da muke haɗawa duk ƙarshen zango take ɗan damuna. Abu ne mai kyau, Allah ya saka wa masu ɗawainiya da alheri. A yi karo-karo, a yi addu'a ga waɗanda suka kare, a ɗauki hoto da babbar riga. Amma ku duba hotunan shekarun baya, mu ne dai mu. Ba malamin da ya duba aikinmu, ba abokin bencin ɗakin gwaji da ya ara mana sinadari ranar da namu ya ƙare, ba matar ofis da ta nemo fayil ɗinmu da ya ɓace. Su kuma mutanen Sabo da Bodija da ke ba mu bashi, suke aika mana saƙo gida a motar kaya, da yawansu an haife su a garin nan amma ba su taɓa taka cikin jami'ar ba.

Shawarata ga masu shirya ta bana: a yi ta a cikin makaranta, a nemi izinin ɗakin taro na Ɓalewa ko na Abdulsalami. Kowa ya zo da mutum ɗaya daga sashensa wanda ba ya jin Hausa, a kuma aika wa dattawan Sabo takardar gayyata a rubuce. A sa lokaci bayan la'asar don 'yan uwa mata masu yara su samu zuwa. Waina da miyar taushe da tsire kuwa, Micra biyu sun isa su ɗauko su daga Sabo, in ya so a ƙara kular amala ɗaya saboda baƙi.