Kusurwar Fiffike Da Jela A Ƙananan Jiragen Rimot: Yadda Ake Aunawa Da Daidaitawa

Ƙaramin jirgin sama da ake sarrafawa da rimot yana iya samun inji mai ƙarfi da ƙira mai kyau, amma ya ƙi tafiya a miƙe. Sau da yawa dalilin shi ne kusurwar da aka ɗora fiffike da jela a kanta, wadda ba ta wuce digiri 1 ko 2 ba, ido kuma ba ya iya gane ta sai an auna.

Mece ce wannan kusurwa?

Idan aka ja layi daga tsakiyar bakin fiffike na gaba zuwa bakinsa na baya, aka kuma ja wani tare da tsawon gangar jikin jirgin, kusurwar da ke tsakanin layukan biyu ita ake nufi. Tun wajen haɗa jirgi ake kafa ta, ba ta sauyawa a sama. Shimfiɗaɗɗiyar jela ma tana da tata, kuma bambancin da ke tsakanin biyun shi ne ya fi tasiri. Jiragen koyo galibi fiffikensu yakan ɗara jela da digiri 1 zuwa 2, na wasan juyi a sama kuwa akan bar su kusa da sifiri.

Yadda ake aunawa

Ana ɗora jirgin a kan tebur mai shimfiɗa daidai, a tokare shi har jelar ta kwanta ba karkata, sannan a ɗauke ta a matsayin sifiri. Akwai ma'auni na musamman mai maƙale bakin fiffike gaba da baya, kamar na kamfanin Robart. Wanda ba shi da shi, rula ta ishe shi: ya auna tsayin bakin gaba daga tebur, ya auna na baya, ya cire. Kowane digiri 1 yana daidai da kimanin milimita 1.75 a kowane milimita 100 na faɗin fiffike. Ke nan a fiffike mai faɗin milimita 250, bambancin milimita 4.4 digiri 1 ne. Wajibi ne a auna dama da hagu a wuri iri ɗaya, domin idan suka saɓa jirgin zai riƙa kwantawa gefe guda.

Alamomin kuskure

Idan bambancin ya yi yawa, jirgin yakan ɗaga hanci da zarar gudunsa ya ƙaru. Idan ya yi kaɗan, yakan nemi ƙasa, kuma ya yi wuyar ɗagowa bayan ya sulmiyo, abin da kan ƙare da faɗuwa da asarar aikin makonni. Sai dai cibiyar nauyi da karkatar inji ma suna haifar da irin waɗannan alamomi, saboda haka akan fara tabbatar da su. A fiffike miƙaƙƙe, cibiyar nauyi takan kasance tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗinsa daga gaba.

Yadda ake gyarawa

A jirgin da fiffikensa ke saman gangar jiki, sanya siririn katako ƙarƙashin bakin gaba yana ƙara kusurwa, sanya shi a baya yana rage ta. Idan fiffiken a ƙasa yake, lamarin yakan juye. Akan sauya rabin digiri kacal a lokaci guda, a gwada tashi, sannan a sake aunawa. Ita kuwa jela, da yake da gam ake manne ta a yawancin jirage, aunata kafin mannewa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin bayan gam ya bushe sai an yanke kafin a gyara.