Garkida: Inda Tatsuniya Ta Zama Magani

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin yaro ya warke a likita, bayan wata guda a sake goyo shi da ciwon nan dai? To, wannan matsala ita ce tushen labarinmu na yau.

Garkida gari ne a bakin kogin Hawul, ƙasar Burawa, cikin jihar Adamawa ta Nijeriya. A shekarar 1923 wasu ƴan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka can. A gindin wata tsamiya suka yi taron ibadarsu na farko. Daga nan ne ikilisiyar da ake kira Ekklesiyar Ƴan'uwa a Nijeriya ta samo asali. Ba su daɗe ba suka buɗe makaranta da ɗakin magani, daga baya kuma asibiti da mazaunin masu ciwon kuturta.

Amma ka sani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baƙi kaɗan ba su iya karantar da ƙasa guda. Dole sai an sami malamai ƴan ƙasa, masu jin harshen yara da na iyayensu. Don haka a 1952 aka kafa makarantar horon malamai a Waka, kusa da Biu. Wanda ya gama sai ya koma ƙauye da alli da littafi. Sau da yawa shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ake tambaya in yaro ba shi da lafiya. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, har da na Waka.

A wajen lafiya kuwa, ma'aikatan asibiti sun lura da abu guda. Zazzaɓin sauro, zawo, tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jiki su ke kashe yara, alhali duk ana iya tare su tun daga gida. Asibiti na da nisa, uwa ba ta isowa sai ciwo ya ci ƙarfin yaro. Saboda haka a 1974 aka soma shirin lafiyar karkara na Lardin Gabas, da cibiyarsa a Garkida.

Ga yadda abin yake a wancan lokaci. Ƙauye ya kafa kwamitin lafiya, ya zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya daga cikin mutanensa. Su tafi Garkida su yi wata 3 suna koyo. Ba a cika su da lacca ba. Da labari, da waƙa, da wasan kwaikwayo ake koya musu: yadda ƙuda ke kai cuta daga kashi zuwa tuwo, dalilin haƙa salga, amfanin tsabtace rijiya. Kowa sai ya maimaita labarin da bakinsa har ya zauna masa. In sun koma gida, su ba da shi a dandali da wurin awon yara, su kuma riƙe ƴan magunguna na ciwace-ciwacen yau da kullum. Wanda ya ji, ya faɗa wa maƙwabci.

Lura fa, an fara wannan shekara 4 kafin taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa lafiya daga ƙauye take farawa. Kai ma ka san irinsa a Nijar, wato ƴan agajin ƙauye da ungozomai da aka horar.

A watan Fabrairu na 2020 ƴan Boko Haram suka auka wa Garkida, suka ƙona majami'u da gidaje. Gini yana cin wuta, amma abin da uwa ta koya ta koya wa ɗiyarta ba ya ƙonewa. Kai da ka iya karatu yanzu, in ka gama wannan shafi, wa za ka ba labarin a daren nan?