Birkin Hannu: Daga Fijo 504 Zuwa Maɓalli

Yau mun ɗan ajiye waya, mu leƙa mota.

A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa a 1979, Fijo 504 ta cika tituna, har da hanyar Sakkwato zuwa Jega da ta ratsa Boɗinga da Shagari. Birkin hannunta ba ruwansa da man birki: igiyar ƙarfe ce daga sandar zuwa tayoyin baya. Ko mai ya tsiyaye, shi yana nan.

Amma igiya tana saki, takalmin birki yana cinyewa. Maimakon gyara, sai direbobi suka saba da sa dutse bayan taya. Har yau ana yi, kuma ranar da dutsen ya goce, mota sai ta gangara kan mutane.

Gwajin bai canza ba. Ja sandar: in ta tafi sama ba nauyi, igiya ta saki ko ta tsinke. Bakanike ya fara duba takalmin baya, sannan ya ɗaure notin igiya. In ta yi tsatsa, a sake sabuwa.

A 2001 BMW ta fito da birkin maɓalli, mai aiki da ƙaramin moto. Wannan kam kada a taɓa shi sai an jona na'urar gwaji.

Dutse ba birki ba ne, malam. Allah ya tsare.