Tashar jirgin ƙasa ta Rufisk

Yau za mu leƙa ƙasar Senegal. Akwai wani gari a can, sunansa Rufisk. Yana bakin teku. Tsakaninsa da Dakar, babban birnin ƙasar, kamar kilomita 25 ne.

Tun shekarar 1883 jirgin ƙasa yake tsayawa a Rufisk. A 1885 Nasaran Faransa suka gama shimfiɗa hanyar ƙarfe daga Dakar har Sen Luwi. Kada ku zaci don jin daɗin talakawa suka yi ta. Gujiya suke so. Manoma su noma, jirgin ƙasa ya kwaso buhuna zuwa Rufisk, daga nan jiragen ruwa su kai su Faransa a matse mai. Dattawan Maraɗi da Damagaram sun san irin wannan ciniki, don tamu gujiyar ma a mota ake kai ta Kano, ta hau jirgin ƙasa.

A lokacin, Rufisk ta yi arziki. Kamfanoni suka gina manyan ɗakunan ajiya na dutse. Amma bakin ruwanta ba shi da zurfi. Da aka gina babbar tashar jiragen ruwa a Dakar, sai ciniki ya koma can. Aiki ma ya bi shi.

To, mutanen Rufisk fa? Da yawa ba su tashi ba. Gidan haya a Dakar tsada gare shi. Sai mutum ya kwana Rufisk, da asuba ya tafi aiki Dakar, da dare ya komo. Tashar da aka yi don buhu, ta zama ta ma'aikata da ƴan kasuwa da ƴan makaranta. A 1987 aka sa masu ƙaramin jirgi na musamman. A lokacin yana da araha, amma cika yake yi maƙil, har wasu su rataya a ƙofa.

Ran 27 ga Disamba 2021 sabon jirgi mai tafiya da lantarki ya fara aiki. Ana ce masa TER. Ya tashi daga Dakar, ya tsaya Rufisk, ya wuce Jamniyajo, kilomita 36 ke nan. An gyara tsohon ginin tashar, ba a rushe shi ba. Lokacin buɗewa, kuɗin tikiti daga Rufisk zuwa Dakar jika ɗaya ne, wato dala 200. Kuɗinsu sefa ne irin namu, sai ku auna da kanku. Ga mai albashi, da sauƙi, kuma ya huta da cunkoson motoci. Ga mai tallan kifi, zuwa da komowa jika 2 ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma wani kuka. Jirgin gudu gare shi, shi ya sa aka katange hanyarsa dama da hagu. Katangar ta raba garin biyu. Dā mutum tsallaka ƙarfe kawai yake yi ya je kasuwa. Yanzu sai ya nemi gada, ya hau matakala, ko da tsoho ne, ko mace mai kaya a kai.