ADN: harufa huɗu da ke ɗauke da gadon jiki

ADN, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira DNA, wani dogon zare ne da ke cikin ƙwayoyin halitta, na mutum ne ko na akuya ko na albasar Galmi. Shi ke ɗauke da abin da ɗa ke gada daga uwa da uba.

Siffarsa kamar tsani ce da aka murɗe. Sandunan gefe biyu an yi su ne da wani sukari mai suna dezoksiriboz da sinadarin fosfat, suna bin juna. Matakalan tsakiya kuwa sinadarai huɗu ne da ake rubutawa A, T, G, C. A ba ya kama kowa sai T, G kuma sai C. Shi ya sa idan tsanin ya tsage biyu, kowane ɓangare ke iya sake gina abokinsa. James Watson da Francis Crick suka bayyana wannan siffa a 1953 a Ingila, da taimakon hotunan Rosalind Franklin, wadda ba a yaba mata yadda ya kamata ba.

Matakalan mutum sun kai kusan miliyar 3, amma guda ɗaya na iya jawo cuta. A amosanin jini, wato sikila, T ne ya maye gurbin A a wuri ɗaya tak. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Masu shirin aure a Ƙonni, Malbaza ko Illela su tambayi likita gwajin jinin da ake kira elektroforez tun kafin a sa rana.