Lilon Dawaki

Lilon dawaki wani faffaɗan dandamali ne mai kewaye, wanda ake jera wa dawakan itace, wani lokaci har da zakuna da raƙuma da jiminu. Yana juyawa a jikin gungume guda da ke tsakiya, mahaya na kan sirdi, kiɗa na tashi. Faransawa suna ce masa manège ko carrousel, sunan farkon kuwa shi ya fi zama a bakin ƴan birni a Nijar. Hausa ba ta yanka masa suna nasa na kansa ba. Kalmar lilo, wadda asalinta igiya ce da ake ɗaurawa a reshen itace, ita ta haɗiye shi tare da sauran kayan wasan gidajen shaƙatawa.

Yaron da ya tashi a Kore Mairuwa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Doso ta nufi Dogon Dutsi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin daɗin abin. Ya taɓa saɓa karan dawa tsakanin ƙafafu, ya ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, ya yi sukuwa a ƙofar gida yana haniniya da bakinsa. Ya taɓa yin hajijiya har ƙasa ta juya masa ya faɗi yana dariya. Lilon dawaki dokin kara ne da hajijiya aka haɗa wuri guda, aka sa musu inji da fenti.

Asalinsa

Abin ya faro ne daga wasan mahaya na gaske. Turkawa suna da wani wasa da suke kira jirit, inda mahaya ke bin juna a guje suna jifa da sanduna marasa tsini. A Andalus da kudancin Italiya kuma an yi wani makamancinsa, sai dai abin jifan ƙwallo ne na yumɓu mai rami a ciki, wanda ake cika shi da toka ko furanni, ya fashe a jikin garkuwar wanda aka jefa. Mutanen Sifen suna kiran wannan ƙwallo alcancía, kalmar da ta samo tushe daga kanz na Larabci, wato taska, kuma har yau ita ce sunan asusu a harshensu. A Napoli ma sunan asusun yumɓu, carusiello, shi ya zama sunan wasan, daga nan ya ƙetara Faransa. Akwai wata ruwaya da ta fi wannan yawo, mai cewa sunan yana nufin ƙaramin yaƙi, wai mayaƙan Salibiyya ne suka gano wasan wurin Larabawa a ƙarni na 12. Tana da daɗin ji, amma ta asusun ta fi ta ƙafar tsayawa.

Sarakunan Turai sun rungumi irin waɗannan wasanni ne bayan da wasansu na da, karon mashi, ya ci rai. A 1559 Sarkin Faransa Henri na Biyu ya fita karon mashi, tsinken mashin abokin karawarsa ya shige masa ido, ya yi kwana goma ya cika. Daga nan fada ta fara ja da baya daga karon, aka koma wasan da ba a zubar da jini: a rataye ƙaramin zobe, mahayi ya taho a sukwane ya tsire shi da kan mashi. Mafi shaharar irin wannan taro shi ne wanda Louis na 14 ya yi a Paris ranakun 5 da 6 ga Yuni 1662, don murnar haihuwar ɗansa. An kasa mahaya rukuni biyar, kowane da shigar wata al'umma, har da ta Turkawa da Farisawa, shi kuma sarki ya fito a matsayin sarkin Rum. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina, ko ya ga ƴan lifidin Jarmakwai na Doso, ba zai sha wahalar hasashen yadda filin ya kasance ba. Har yau sunan wurin Place du Carrousel.

A nan injin ya shigo. Aka ƙera gungume mai hannuwa, aka rataya dawakan itace a ƙarshensu, barori ko doki suna juya shi, masu hawa suna gwada tsire zoben ba tare da an wahalar da dabba ba.

Sai dai ba a fada kaɗai abin ya tsiro ba, kuma wannan ɓangaren ya fi kusa da mu. A 1620 wani matafiyi Bature ɗan Ingila, Peter Mundy, ya ratsa ta birnin Filibe, wato Plovdiv ta Bulgariya a yau, lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Ya zana kuma ya bayyana nau'o'in lilon da jama'a ke kafawa a bikin Bairam, wato Sallah. Cikinsu akwai wani mai kama da katuwar ƙafar amalanke a kwance, da ƴan kujeru a bakinta, yara na zaune ana juya su. Zanensa yana cikin mafi daɗewar shaidun da ake da su a kan wannan abin wasa. Ke nan yaran Musulmi suna kashe barka da sallarsu a kan lilo tun shekara ɗari huɗu da suka wuce. A Masar ma har gobe ba a raba taron maulidi da masu lilon ƙarfe da ake turawa da hannu.

Mafi tsufan lilon da ke tsaye inda aka kafa shi yana Wilhelmsbad, a Hanau ta Jamus. An gama shi a 1780 saboda wani yarima da baƙinsa. Injinsa yana ɓoye a ƙarƙashin tudun da aka gina shi a kai, kuma da farko mutane ne ke ciki suna turawa yayin da manya ke nishaɗi a sama. Ya daɗe a tsaye cik kafin a gyara shi, ya sake juyawa a 2016.

Zamanin tururi da masassaƙa

Muddin ƙarfin mutum ko na alfadari ne ke juya shi, lilon bai iya girma ba. A 1861 Thomas Bradshaw ya kafa mai injin tururi a kasuwar baje koli ta Bolton a Ingila. Bayansa Frederick Savage na King's Lynn, wanda da injinan noma yake ƙerawa, ya mai da wannan sana'arsa, kamfaninsa ya yi suna da dawakan da ke tashi suna sauka. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Daga gungumen tsakiya sanduna suke fita kamar haƙarƙarin laima. A sama akwai ƙarafa masu lanƙwasa irin ta fedar keke, haƙoran inji suna juya su yayin da dandamalin ke zagayawa, kowace lanƙwasa na ɗauke da sandar da ta ratsa jikin doki. Lanƙwasar ta yi sama, doki ya tashi. Ta yi ƙasa, ya sauka.

Kiɗan ma inji ne. Wani babban akwati ne mai sarewa da ganguna a ciki, iska na busa su. A 1892 gidan Gavioli na Paris ya fito da kwali mai huji-huji wanda ake naɗewa kamar littafi, yana wucewa ta cikin akwatin, kowane huji na buɗe sarewa guda. Amonsa yana kai wa nesa, don aikinsa na farko shi ne kiran jama'a.

Wajen juyawa kuwa, dawakan Ingila suna bin hannun agogo, na Amurka da sauran Turai suna saɓa masa. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne Turawan Ingila sun so a hau dokin ta hagu, yadda ake hawan na gaske, su kuwa Amurkawa sun so hannun dama ya kasance a waje saboda cafke zobe.

A Amurka sana'ar ta kai ƙololuwarta, daga wajen 1870 zuwa 1930, kuma kusan duk baƙin da suka yi ƙaura zuwa can ne suka yi ta. Gustav Dentzel ya zo daga Jamus ya buɗe shago a Filadelfiya a 1867. Charles Looff ya kafa na farko a Coney Island a 1876. Marcus Illions da Solomon Stein da Harry Goldstein da Charles Carmel Yahudawa ne daga gabashin Turai. Daniel Muller ya shahara da sassaƙa sirdi da likkafa irin na sojan doki, har maɗaurin ciki bai bari ba.

Dokin ba daga gungume guda ake fafe shi ba, saɓanin turmi. Allunan itace mai taushi ake mannawa su zama akwati mai rami, don kada ya yi nauyi kuma kada ya tsage. Ƙafafu da wuya daban ake yin su a haɗa. Yaran shago su yi gangar jiki, babban masassaƙi ya riƙe kai da geza, domin a nan ake gane hannun gwani: hancin a buɗe, jijiyar wuya a miƙe, kunne ɗaya gaba ɗaya baya. Ido na gilashi ne, wutsiya sau da yawa ta doki ce ta gaske. Kuma akwai wayon kasuwa a ciki. Gefen da ke kallon jama'a shi ake cika wa ado da duwatsun gilashi da ruwan zinariya, gefen ciki a bar shi kusan fili. Dawakan layin waje su ne manya masu kwalliya, na ciki ƙanana.

Matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929 ya rufe yawancin shagunan. Aka koma zuba dawaki da alminiyam, daga baya da roba. Gobara ta ci wasu, ruwa ya ci wasu, a shekarun 1970 da 1980 kuma masu tara kayan tarihi suka gano cewa doki ɗaya-ɗaya ya fi kawo kuɗi, aka yi ta wargaza lilo ana gwanjon dabbobinsa. Daga dubban da aka ƙera a Amurka, na itacen da suka rage suna aiki ba su kai 200 ba.

Fitar iyali

Waɗanda suka tsira sun zama wuraren da kaka ke kai jika ya hau dokin da ita ma ta hau tana yarinya. A lambun Luxembourg na Paris akwai wanda aka kafa a 1879, Charles Garnier mai zanen gidan Opera ne ya zana dabbobinsa. Har yau ana miƙa wa yaro ɗan sanda ya tsiro zobe, wasan fadar nan dai bai mutu ba. Na Oak Bluffs a jihar Massachusetts an ƙera shi a 1876, aka kawo shi can a 1884. Wanda ya cafki zoben tagulla a sake ɗora shi kyauta. A Brooklyn akwai na 1922 mai dawaki 48, wanda Jane Walentas ta shafe shekaru sama da ashirin tana kankare tsohon fentinsa kafin a buɗe shi a 2011. A yankin Binghamton wani mai kamfanin takalma, George F. Johnson, ya yi kyautar guda shida tsakanin 1919 da 1934, da sharaɗin kada a taɓa karɓar ko sisi. Sharaɗin yana nan. Walt Disney kuma ya sha faɗin cewa yana zaune a benci a Griffith Park, ƴaƴansa mata na kan lilo shi yana cin gyaɗa, tunanin Disneyland ya zo masa.

Ba kowane iyali aka bari ya hau ba. Ranar 30 ga Yuni 1960 wasu ɗalibai baƙar fata suka hau lilon Glen Echo kusa da Washington suka ƙi sauka, aka kama biyar. Shekara na zagayowa aka buɗe wurin ga kowa, a 1964 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi musu. Kusa da Baltimore, ranar 28 ga Agusta 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa, aka ɗora wata jaririya baƙar fata ƴar wata 11, Sharon Langley, a kan lilon Gwynn Oak, ranar farko da aka ɗage wariya a wurin. Daga baya an mai da wannan lilo babban filin Washington.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta fitar iyali irin wannan ta Sallah ce. A Yamai, tafiyar sama da kilomita 200 daga Kore Mairuwa, gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a 1959 shi ke cika maƙil da yara cikin sabon ɗinki, daga kejin zaki zuwa ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, zuwa layin kayan wasa. A Kano gidan zu na Audu Bako ke ɗaukar wannan nauyi tun farkon shekarun 1970. Yaya ta riƙe hannun ƙane, kuɗin barka da sallah a ƙulle a bakin zane, ƙaramin ya yi ta kuka a ɗora shi, da abin ya fara juyawa ya koma kukan a sauke shi.

Lilon da ake samu a biranenmu sabo ne, na ƙarfe da roba, ko an shigo da shi ko mai walda ya haɗa, dawakansa kuma da wuya su yi kama da dokin da muka sani. Alhali masassaƙan da ke fafe sirdi suna nan, dukawa masu yin linzami da ado suna nan, masu ɗinkin jalala ma haka. Hukumomin gidajen tarihi da na wuraren shaƙatawa su gwada ba su aikin lilo guda, a jera akawal da kili da danda cikin kayan hawan Arewa.