Me ya sa manhaja ke neman izini kafin ta taɓa allon kwamfutarka?

Gaisuwa ta musamman ga matasan Baure da Zango da Daura masu koyon Linux. Yau za mu bi tarihin wani saƙo da ya sha hana mai koyo barci: ka buɗe manhaja, sai ta ce maka "cannot open display", wato ta kasa kaiwa ga allo. To allon nan ga shi a gabanka, me ya tare ta?

Asalin maganar tun 1984 ne, a jami'ar MIT ta Amurka. A lokacin, kwamfuta mai ƙarfi tsada gare ta, ɗalibai kuwa ga su da yawa. Sai Bob Scheifler da Jim Gettys suka ƙirƙiro tsarin X Window. Sunan ya samo asali ne daga wani tsari na jami'ar Stanford mai suna W, don X ke bin W a jerin baƙaƙe. Dabararsu ita ce manhaja ta yi aiki a wata na'ura, hotonta ya fito a allon wata. Sigar X11 ta fito a 1987, har yau ana amfani da ita.

Ka ga ke nan, a wannan tsarin allo yana da mai tsaronsa, kamar dogari a ƙofar fada. Ko manhajar da ke cikin kwamfutarka ce, sai ta yi sallama. Abu uku ne yawanci ke hana ta shiga.

Na farko, adireshi. Rubuta echo $DISPLAY. In ka ga :0 ko makamancinsa, lafiya. In babu komai, manhajar ba ta san inda za ta nufa ba.

Na biyu, ƙofa. Ta cikin gida tana /tmp/.X11-unix/, ta hanyar sadarwa kuma lambarta 6000. Tun 2015, sigar 1.17 ta X.Org ke zuwa da ƙofar waje a rufe. Shi ya sa localhost:0 kan ƙi, alhali :0 na aiki.

Na uku, mabuɗi. Akwai lambar sirri a fayil ɗin .Xauthority na wanda ya shiga kwamfutar. In ka koma root, sau da yawa ka baro mabuɗin a baya.

A nan ne ake gaggawa. Wani zai ce maka kawai ka rubuta xhost + ka huta. Lallai za ta buɗe, amma fa ka sallami dogarin ne. Duk wanda ya iya kaiwa ga allon zai iya karanta abin da kake bugawa, har lambar sirrinka ta banki, balle a kwamfutar da ake haɗaka a shago ko makaranta. Ka ba mutum ɗaya izini da xhost +si:localuser:root. In daga nesa kake, yi amfani da ssh -X.

Irin wannan rauni na cikin dalilan da suka sa Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya samu karɓuwa. Ubuntu ta koma kansa a 2021, amma tsofaffin manhajoji na bi ta Xwayland, don haka saƙon bai ɓace ba. In kun gamu da shi, ku duba ukun nan a jere kafin ku goge kwamfuta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.